Tsakanin Riƙo da Santsi: Tarihin Shafa Kaki a Allunan Zamiya

A cikin malaman Musulunci matafiya waɗanda suka rubuta abin da suka gani da abin da suka ji a ƙasashe masu nisa, akwai Abu Hamid al-Garnaɗi, mutumin Andalus, wanda aka haifa a birnin Garnaɗa a shekarar 1080, ya ƙare kwanansa a Dimashƙa bayan ya shafe shekaru masu yawa a bakin kogin Bolga; kuma a cikin abubuwan mamakin da ya ba da labarinsu har da wasu alluna dogaye masu lanƙwasasshen baki, waɗanda mutanen ƙuryar arewacin duniya suke ɗaura wa ƙafafunsu su yi tafiya a kan dusar ƙanƙara ba tare da sun nutse ba, har ma ya zana siffarsu domin mai karatu ya fahimta. Bayansa da kimanin shekara ɗari da hamsin, waziri Rashiduddin na ƙasar Farisa, mai littafin Jami'ut Tawarikh, ya ambaci irin waɗannan alluna a hannun mafarautan dazuzzukan Saberiya, waɗanda suke cim ma namun daji da gudu a kansu. Shi kuwa Ibn Baɗuɗa, wanda ya zo Takadda har ya ambaci Gobir a littafin tafiyarsa, ya yi niyyar shiga waccan ƙuryar arewa da Larabawa suke kira Ƙasar Duhu, sa'an nan ya fasa saboda tsananin wahalar hanya. Ashe ke nan labarin waɗannan alluna ya daɗe a cikin littattafan da malamanmu suke girmamawa, ko da yake ba mu cika lura da shi ba.

Mu mazauna Abuja, waɗanda muke zaune tsakanin Dutsen Aso da Dutsen Zuma, iyakar sanyin da muka sani shi ne na hunturu, lokacin da hazo yake rufe gari a watan Disamba da Janairu, mutum ya nemi rigar sanyi da asuba, kafin hantsi ya tuɓe ta. Ƙanƙarar da muka sani kuwa ita ce wadda take faɗowa da ruwan sama jifa-jifa, musamman a tudun Jos, da wadda masu sayar da ruwan sanyi suke fasawa a Kasuwar Wuse. Duk da haka, a watan Fabrairun 2022, a gasar Olamfik ta lokacin sanyi da aka yi a Beijin ta ƙasar Sin, mutum guda ne ya tsaya da sunan Nijeriya, wato Samuel Ikpefan, haifaffen Faransa wanda mahaifinsa ɗan ƙasar nan ne, kuma fanninsa shi ne tseren dogon zango a kan allunan zamiya. Tun da sunan ƙasarmu ya shiga wannan fage, ya dace mu san wani abu game da shi. Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina a cikinsa wata ƙaramar sana'a ce da 'yan kallo ba sa gani, wadda ake yi kafin a fara tsere, a cikin rumfa, da hannu da dutsen guga: shafa kakin riƙo a ƙarƙashin allo.

Asalin mas'alar mai sauƙin faɗi ce, mai wuyar warwarewa. Wanda yake gangarowa daga kan dutse ba ya bukatar komai daga allonsa sai santsi, domin gangaren ne yake jan sa. Amma matafiyin dogon zango, wanda zai ratsa fili da daji, ya hau tudu ya sauka kwari, yana bukatar abubuwa biyu masu kishiyantar juna daga allo ɗaya a cikin daƙiƙa ɗaya: idan ya taka da ƙarfi domin ya tura jikinsa gaba, lalle ne allon ya kama ƙanƙara ya tsaya cik, in ba haka ba ƙafarsa ta zame baya, ƙarfinsa ya tafi a banza, idan kuwa ya miƙa wannan ƙafa gaba ya ɗora nauyinsa a kanta, lalle ne allon nan dai ya sulale ba tare da wani abu ya riƙe shi ba. Tarihin da zan bayar, daga farkonsa har ƙarshensa, tarihin amsoshin da al'ummomi dabam-dabam suka ba wannan tambaya ne.

Allunan kansu sun tsufa ƙwarai. A shekarar 1924 wasu masu haƙa lambatu a wata fadama kusa da ƙauyen Kalvträsk a arewacin Suwidin suka tono alluna biyu da sanda, waɗanda masana suka ƙiyasta shekarunsu da kimanin 5,200, wato sun girmi dalar Fir'auna ta Giza. Kuma a dutsen Digervarden na ƙasar Norwe, inda daɗaɗɗiyar ƙanƙara take narkewa, an tsinci allo ɗaya a 2014, ɗan'uwansa a 2021, da igiyoyin ɗaurinsu, masu kimanin shekara 1,300. Amsar farko da mutanen dā suka samu ita ce fata mai gashi. A tsaunukan Altai, inda iyakokin Sin da Mongoliya da Rasha da Kazakistan suka haɗu, har yau akwai masu lulluɓe ƙarƙashin allo da fatar ƙafar doki, su jera ta yadda gashin zai kwanta ya fuskanci baya: in allon ya yi gaba sai gashin ya kwanta ya ba da hanya, in ya nemi komawa baya sai gashin ya miƙe ya cije. Mutanen Norwe da Suwidin da Finlan kuwa, tare da Samawa makiyayan barewar ƙanƙara, sun raba aikin biyu ne, suka ba kowace ƙafa nata: dogon allo maras fata a ƙafa ɗaya domin sulalewa, gajere mai fata a ɗaya ƙafar domin turawa. Hikima ce babba, amma tana da aibinta, domin gashi yana rage gudu ko da ya kwanta, yana shan ruwa ya yi nauyi, kuma tafiyar mai alluna biyu marasa tsawo ɗaya tafiya ce ta ɗingishi.

Kada mai karatu ya ɗauka wasa ne ya haifi wannan ilmi. Farauta ce da kiwo da yaƙi da kai saƙo. Mutanen Norwe suna riwayar cewa a shekarar 1206, lokacin yaƙin basasa, mayaƙa biyu sun goyi jariri ɗan sarki, Håkon Håkonsson, suka tsallake duwatsu da shi a kan alluna domin su tserar da shi daga maƙiya, kuma ya rayu ya yi sarauta; tun 1932 ake tseren tunawa da wannan tafiya, kilomita 54 tsakanin Rena da Lillehammer, kowane ɗan tsere da jaka mai nauyin kilo uku da rabi a bayansa a madadin jaririn. Suwidin ma tana da nata, Vasaloppet, kilomita 90 daga Sälen zuwa Mora, wanda aka fara a 1922.

Amsa ta biyu ta fito ne daga dajin kansa. Mutanen arewa sun daɗe suna dafa saiwoyi da kututturan itacen fir a cikin rami rufaffe, su tatsi wata baƙar kwalta mai ƙamshin hayaƙi wadda suke shafa wa jiragen ruwa da rufin ɗakuna domin kada ruwa ya ci su. Da ita kuma suka riƙa shafe ƙarƙashin allo, su gasa shi a bakin wuta har katakon ya sha, su goge abin da ya rage. Manufarsu ta farko kare katako daga laima ce, domin jiƙaƙƙen allo yana tara ƙanƙara a ƙarƙashinsa har ya gagari ɗagawa. Malam Johannes Scheffer na jami'ar Uppsala, a littafinsa kan ƙasar Samawa wanda aka buga da Latinanci a 1673, ya ambaci amfani da kwalta da ƙaron itace a kan alluna, kuma ana lissafa wannan cikin ambato mafi daɗewa a rubuce. Sai tajriba ta nuna musu wani abin da ba su nema ba: allon da ya sha kwalta, a cikin sanyi matsakaici, yana kamawa in an danna shi, yana kuma sulalewa in an sake shi, ba tare da gashi ko guda ba.

Dalilin haka, wanda sai daga baya masana suka bayyana shi, yana cikin halittar dusar ƙanƙara, kuma wanda ya dube ta da madubin ƙara girma zai yi tasbihi. Kowace ƙwaya, lokacin da ta sauko sabuwa a cikin tsananin sanyi, tana da rassa shida masu tsini da kaifi. Idan aka danna mata wani abu mai ɗan taushi, tsinin nan yana nutsewa a ciki ya riƙe na ɗan ƙiftawar ido. Idan kuwa abin ya motsa yana shafar ta a guje, sai tsinin ya saki, allon ya wuce a kan ɗan danshin da gogayya ta haifar. Sharaɗin kawai shi ne taushin abin shafawar ya dace da ƙarfin ƙwayar. In ya cika tauri, ƙwaya ba ta shiga, allo ya yi ta zamewa baya. In ya cika taushi, ƙwaya ta shiga ta ƙi fita, wata ta hau kanta, kafin a yi taku ashirin mutum ya ga dunƙule ya taru a ƙarƙashin ƙafarsa. Ƙanƙara kuma ba ta zama a hali ɗaya. Ta kwana biyu ba ta yau ba ce, domin tsininta ya dakushe. Wadda rana ta narkar, dare ya sake daskarar da ita, ta zama tsakuwa-tsakuwa mai mulmulallen jiki wadda babu tsinin da zai shiga komai, sai dai a nemo abu mai danƙo ƙwarai wanda zai manne mata. Daga nan ne sana'ar ta rabu gida biyu, busasshen kaki domin sabuwar ƙanƙara, da mai danƙo domin tsohuwa da jiƙaƙƙiya.

Da tsere ya zama abin neman suna a ƙarni na goma sha tara, sai aka shiga zamanin asirai. A Kalifoniya ta Amurka, a shekarun 1860, mahaƙan zinariya na tsaunukan Siyera suna tseren gangara a kan dogayen alluna da caca mai yawa, kowane mai haɗa man shafawa yana ɓoye lissafinsa, ko da yake an san akwai ƙaron itace da man da ake samu a kan wani babban kifin teku. Amma nasu na santsi ne kawai. A Norwe, inda aka fara gasar Holmenkollen a bayan birnin Oslo a 1892, neman riƙo ne ya fi wahalar da mutane, har ana ba da labarin masu narka robar tayar keke da faifan garmaho su zuba a cikin kwalta da kakin zuma. Mutum yakan dafa haɗinsa da dare, ya ɓoye gwangwanin a aljihu, ya juya wa abokan takararsa baya lokacin shafawa, kuma ba ya faɗa wa kowa sai ɗansa ko wani yaronsa da ya amince da shi. Cikin waɗanda suka fara fito da abin fili akwai Peter Østbye, wanda ya yi wa haɗinsa mai danƙo rajista a 1913, shekara ta zagayo ya lashe tseren kilomita 18 a Holmenkollen, ya wuce Lauritz Bergendahl, gwanin zamanin. Nan da nan mutane suka yi layi suna sayen abin da ake kira kilista, sunan da ya bi wannan nau'i har yau.

Sai dai har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, abin da ke cikin gwangwani ɗaya bai cika yin daidai da na ɗan'uwansa ba, domin kwalta da ƙaro da kitse halittu ne da suke bambanta daga daji zuwa daji, daga shekara zuwa shekara. A cikin shekarun yaƙin ne wani gwanin tsere na Suwidin, Martin Matsbo, ya haɗa kai da kamfanin magunguna na Astra, inda Börje Gabrielsson da masana haɗa sinadarai suka ajiye kayan daji gefe, suka koma ga kakin da ake tacewa daga man fetur da ƙaron da ake haɗawa a ɗakin gwaji, waɗanda ake iya auna taurinsu a maimaita shi ba kuskure. A 1946 suka fito da shi da sunan Swix, launi uku: kore domin tsananin sanyi, shuɗi domin matsakaici, ja domin lokacin da ƙanƙara ta fara sakin ruwa. Tsofaffin gwanaye sun karɓe shi da shakka, kamar yadda ma'abota kowace sana'a suke karɓar sabon abu, har sai da 'yan Suwidin suka kwashe zinariyar tseren dogon zango duka a Olamfik ta St. Moritz a 1948, Martin Lundström a kilomita 18, Nils Karlsson a kilomita 50, da kuma tseren miƙa sanda. A ganina wannan fenti da aka zuba a cikin kaki ya fi sinadarin kansa muhimmanci, domin shi ne ya fitar da ilmi daga aljihun 'yan kaɗan ya miƙa wa jama'a: uba da zai fita da 'ya'yansa ranar hutu ya dubi ma'aunin sanyi a bakin taga, ya ɗauki launin da ya dace, ba sai ya yi shekara goma yana yi wa wani gwani hidima ba. Sauran kamfanoni, irin su Toko ta Suwizalan da Rex ta Finlan da Rode ta Italiya, duk sun bi wannan tsari na launi, aka ƙara shunayya tsakanin shuɗi da ja, da rawaya domin sabuwar ƙanƙara mai ruwa.

Ga yadda aikin yake a hannun mai yi. Allon tsere ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Tsakiyarsa a ɗage take kaɗan, ta yadda idan mutum ya tsaya da nauyinsa a kan ƙafa biyu, wani yanki a ƙarƙashin tafin ƙafa ba ya taɓa ƙasa, sai ya tattara nauyin duka a ƙafa ɗaya ya danna. Wannan yanki, wanda yake farawa daga diddige ya yi gaba kimanin santimita 60 ko 70, shi kaɗai ake shafa wa kakin riƙo, baki da wutsiya kuwa na kakin santsi ne. Domin a san iyakarsa, sai mai allunan ya hau su a kan daɓe mai laushi, abokinsa ya zura takarda a ƙarƙashi yana jan ta gaba da baya, inda ta tsaya ya yi alama da alƙalami a gefen allon. Sa'an nan a ɗan kankare wurin da samfefa domin kaki ya sami abin kamawa, a shafa wani kaki mai ƙarfi na tushe a bi shi da dutsen guga mai ɗumi, a bari ya huce. Daga nan a ɗauki ɗan gwangwanin kakin ranar, a goga shi siriri, a murje da guntun ɓawon itace mai taushi irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi, har shafin ya yi sumul ana ganin jikin allo ta cikinsa. A sake wani a kai, a sake murjewa, sau huɗu ko biyar ko fiye, gwargwadon nisan tafiya. Shafi siriri da yawa ya fi kauri guda ɗaya daɗewa da kamawa, kuma wannan ita ce ƙa'idar farko da ake koya wa yaro.

Kaki mai taushi, wato ja da rawaya, shi ne mai gwada haƙurin mutum. In aka goga shi a ɗaki mai ɗumi, yana fitowa dunƙule-dunƙule yana jan zare, in aka matsa masa da murza ya tattaru wuri ɗaya. Saboda haka gwanaye suna barin gwangwanin a waje ya yi sanyi, su riƙa ɗan dangwala shi da sauri suna murɗa hannu maimakon jan sa, su murje da sauƙi ba tare da dannawa ba. Kilista kuwa akasin haka take so: tana zuwa a cikin bututu, sai an ɗumama ta a hannu ko a cikin riga kafin ta fito, a ɗiga ta layi-layi a karkace a kowane gefe na kwarmin da ke tsakiyar allo, a baje ta da babban yatsa ko gindin tafin hannu, kuma yankinta ya fi na busasshen kaki gajarta domin ta fi kauri. Tana manne wa riga da gashi da duk abin da ta taɓa. Bayan an gama, wajibi ne a fitar da allon waje ya huce sarai kafin ya taɓa ƙanƙara, domin kaki mai ɗumi yana narkar da ƙwayoyin farko da ya haɗu da su, su daskare a jikinsa, aikin safiya ɗungum ya lalace. Akwai kuma dabarar rufi, inda ake shimfiɗa mai taushi a ƙasa a lulluɓe shi da siririn mai tauri, domin na ƙasa ya ba da kamu, na sama ya hana tarawa.

Launuka sun sauƙaƙa yawancin kwanaki, amma akwai wurin da nassin da ke jikin gwangwani yake ƙarewa, sai ijtihadi: wato lokacin da ma'auni ya tsaya a kan sifiri, sabuwar ƙanƙara kuma tana sauka. A irin wannan rana inuwar daji tana neman shuɗi, fili mai rana yana neman ja, gindin tudu da ƙwanƙolinsa ba su yarda da abu ɗaya ba, kuma hanyar da mutum ɗari suka bi ta zama wata aba dabam da wadda aka gwada da safe. Mai shafa kaki yakan dumbuzi ƙanƙara ya matse a tafin hannunsa: in ta warwatse kamar gari, busasshiya ce, in ta dunƙule, da danshi, in ruwa ya ɗigo, sai kilista. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwali ko Ushafa ya ga macen Gbagyi maginiyar tukwane tana murza yumɓu tsakanin yatsunta, ta san ko ya yi ko da saura tun kafin ta ɗora shi, zai gane irin ilmin da nake nufi. Shi ne ilmin da Ladi Kwali ta riga ta mallaka kafin ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, kuma tanderun zamani da ta tarar a can bai maye gurbinsa ba. Irin wannan sani ba ya shiga littafi duka, kuma ina ganin kuskure ne babba a raina shi domin mai shi ba ya iya bayyana shi da lissafi.

Sau biyu wannan sana'a ta kusa rasa matsayinta. A gasar duniya ta Falun a 1974, Magne Myrmo na Norwe ya ci kilomita 15 a kan allon katako, kuma shi ne na ƙarshe da ya yi haka, domin a wannan gasar ce Thomas Magnusson na Suwidin ya ci kilomita 30 a kan allon zaren gilashi mai ƙasan roba. Kwalta ta tafi tare da katako, amma kakin riƙo ya tsira. Barazana ta gaske ta zo daga salon tafiya. Wani ɗan sandan Finlan, Pauli Siitonen, ya shahara da barin ƙafa ɗaya a cikin layi yana tunkuɗawa da ɗayar a karkace, Bill Koch na Amurka ya ɗauki salon ya ci kofin duniya na 1982, kuma kafin gasar duniya ta Seefeld a 1985 gwanaye sun gano cewa wanda yake tunkuɗawa da gefen allo, ƙafa bayan ƙafa, ba ya bukatar kakin riƙo ko kaɗan, kuma ya fi kowa gudu. Aka yi saɓani mai zafi, musamman daga mutanen arewa da suke ganin za a kashe musu gadon kakanni, har hukumar wasan ta duniya ta yanke hukuncin raba tsere gida biyu, na gargajiya da na sake, kowanne da lambobinsa. Ba don wannan hukunci ba, da yau kilista sai a gidan tarihi. Daga baya ƙarfin damtse ya kawo wata fitinar, inda wasu suke tafiyar kilomita 90 da turin sanduna kaɗai, kamar yadda Jørgen Aukland ya ci Vasaloppet a 2013 ba tare da kakin riƙo ba; a 2016 hukumar ta ƙayyade cewa sandar tseren gargajiya kada ta wuce kashi 83 cikin ɗari na tsayin mai ita.

A yau manyan ƙasashe suna zuwa gasa da manyan motocin tirela da aka mai da su ɗakunan aiki, cike da ɗaruruwan alluna da ma'aikata waɗanda suke fita tun duhun asuba suna gwada haɗi bayan haɗi, suna aika wa juna sakamako ta rediyo. Duk da haka suna kuskure: a Olamfik ta Sochi a 2014, 'yan Norwe, maza da mata, sun fita ba lambar yabo a tseren miƙa sanda, ƙasar ta ɗauki zafi, jaridu suka yi kwanaki suna tuhumar masu shirya alluna. Idan wannan ya sami masu tirela, mai karatu ya ƙiyasta halin wanda ya zo daga ƙasar da ba ta da hunturun ƙanƙara. Philip Boit na Kenya, wanda ya koyi wasan a Finlan a kan busasshiyar ƙanƙara, ya tarar da jiƙaƙƙiya a tseren kilomita 10 na Nagano a 1998, ya sha faɗuwa, ya iso na ƙarshe. Bjørn Dæhlie na Norwe, wanda ya ci zinariyar, ya tsaya a bakin layi yana jiransa har ya rungume shi, shi kuma Boit ya raɗa wa ɗansa sunan Dæhlie. Wannan karamci abin yabo ne, amma bai kawar da rashin daidaiton ba. Shawarata ga masu riƙe da al'amuran wasanni a nan Abuja, tun da Nijeriya ta fara halartar Olamfik ta sanyi a 2018, ita ce duk ranar da za a tura ɗan tseren dogon zango, a sa kuɗin mai shafa kaki a cikin kasafi tun farko, ko a ƙulla yarjejeniya da wata ƙasa mai kayan aiki ta riƙa shirya masa alluna, domin horon shekara huɗu yana iya salwanta saboda shafi ɗaya da bai dace da safiyar ba.

Akwai kuma wata mafsada da ta ɓullo daga neman gudu. Tun daga shekarun 1980 aka shigo da sinadaran fulorin, masu korar ruwa da datti, a cikin kakin santsi da na riƙo, kuma sun yi aiki ƙwarai a jiƙaƙƙiyar ƙanƙara. Sai bincike a Suwidin da Norwe ya nuna suna taruwa a jinin ma'aikatan da suke shaƙar hayaƙinsu a rufaffun ɗakuna, kuma abin da ya goge a kan hanya yana bin ruwan narkewa ya shiga ƙasa, inda ba ya ruɓewa. Bayan jinkiri na shekaru saboda rashin na'urar da za a dogara da ita, an haramta su a gasannin hukumar duniya daga kakar 2023 zuwa 2024, kuma yanzu ana haska ƙarƙashin allo da na'ura kafin a bar mutum ya shiga tsere. Hukunci ne mai kyau, domin kare rai da ƙasa yana gaba da rage daƙiƙa.

Talakan gari kuwa, wanda ba ya neman lamba, ya sami nasa sauƙin ta wata hanya. Tun shekarun 1970 ake sayar da alluna masu zanen ɓawon kifi a ƙarƙashi, waɗanda ba sa bukatar shafi, ko da yake suna ƙara a kan ƙanƙara mai tauri kuma ba su da gudu. A 'yan shekarun nan kuma masana'antu sun koma ga amsar mafarautan Altai, suna manna ɗan tsiri na gashin akuyar Angora, ko gaurayensa da zaren roba, a daidai yankin riƙo, kuma irin waɗannan alluna sun yaɗu ƙwarai a tsakanin masu fita motsa jiki a Norwe da Suwidin da Finlan, har wasu iyaye suna kukan cewa 'ya'yansu za su tashi ba su taɓa murza kaki ba. A tseren gargajiya na manyan gwanaye dai har yanzu kaki ne yake mulki, domin idan shafin ya dace da ranar, gashi ba ya kama ƙafarsa a gudu. Kuma a watan Maris da Afrilu, lokacin da ƙanƙarar tsaunuka take narkewa da rana ta daskare da dare, masu tafiyar dogon zango suna ci gaba da sa bututun kilista a aljihun ciki domin ya yi ɗumi kafin su isa inda za su shafa.